Awon Nisa Da Igiyar Rediyo A Masana'antunmu: Sayen Na'ura Daban, Kafa Ta Daban

Wasu shekaru da suka wuce, ana tsakiyar hunturu, aka neme ni da gaggawa a wata masana'antar narka ƙarfe da yin rodi da ke ɗaya daga cikin manyan garuruwanmu na Arewa. Ƙugiyoyi biyu na sama, masu gudu a kan dogo ɗaya a ƙarƙashin rufin masana'antar, su ne suka yi karo da juna. Damin rodin da ɗayar ke ɗauke da shi ya yi lilo, ya sami wani saurayi da ke tsaye a ƙasa, ya ragargaza masa ƙafa. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma dai wannan ƙafa ba ta sake taka ƙasa ba. Abin da ya ƙara ɗaure wa masu kamfanin kai shi ne, sun kashe maƙudan kuɗi sun sa an ɗaura wa ƙugiyoyin nan na'urar da ke auna nisan da ke tsakaninsu da igiyar rediyo, wadda ba ta da wani aiki illa hana irin wannan karo. Don haka tun daga bakin ƙofa tambaya ɗaya aka tarbe ni da ita: me ya hana na'urar yin aikinta?

Da na hau sama sai na tarar an zare wayar da ta haɗa na'urar da birki. Ban sha wahalar neman wanda ya zare ta ba, domin kuwa dattijon da ke tuƙa ƙugiyar bai ɓoye mini komai ba. Ya ce: "Ranka ya daɗe, Injiniya, ni na zare ta da hannuna. Haka kawai take taka mini birki ba gaira ba dalili, kafin azahar sai ta tsayar da ni sau goma, in kuwa rodi bai fita ba ni ake wa faɗa. Mun kai kuka ofis, aka ce Baturen da ya kafa ta ya koma ƙasarsu." Na ce masa: "Baba, nuna mini inda eriyar take." Ashe masu gyaran rufi ne suka lanƙwasa ta tun da damina, ta daina kallon 'yar'uwarta, bayan haka kuma wani mai walda ya liƙa falle ɗaya na kwano a gabanta don ya kare direba daga hucin wuta. Na'urar ba ƙarya take yi ba, an tsara ta ne ta taka birki duk lokacin da saƙo ya yanke mata, kuma saƙon yana yankewa. Gyaran da ba zai ci rabin yini ba ne, amma babu mutum ko ɗaya a gidan da aka koya wa duba ta, kalmar sirrin shiga manhajarta kuma ta bi mai ita jirgi.

Wannan lamari shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne: fasahar auna nisa da igiyar rediyo abu ce da masana'antunmu ke bukata, har ma a wasu fuskoki ta fi dacewa da mu fiye da ƙasashen da suka ƙera ta, amma amfaninta gaba ɗaya ya rataya ne a kan yadda aka kafa ta da kuma wanda aka bar wa amanarta. Na'urar da aka saya ba a san kanta ba ta fi rashinta haɗari, domin tana sa mutane su saki jiki alhali babu abin da ke tsaronsu.

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake, don kada a ɗauka wani tsafi ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in hadari ya haɗu ana fara ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka in ka ƙirga daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa, to aradun ta faɗi ne a nisan kusan kilomita ɗaya daga inda kake. Wato da zarar ka san gudun abu, ka kuma san lokacin da ya ɗauka, ka san nisan da ya yi. Awon nisa da rediyo a kan wannan lissafi ya tsaya. Bambancin kawai shi ne, igiyar rediyo gudun haske take yi, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. In aka kasa daƙiƙa ɗaya kashi biliyan, a cikin kashi ɗaya tak igiyar ta riga ta yi santimita 30, tsawon rular ɗan firamare. Ke nan agogon da ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya jawo kuskuren mita 300 a awo. Duk wahalar wannan fanni da duk gwanintarsa a wajen kama lokaci suke.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce ta kira da amsawa. Na'ura ta farko ta aika saƙo, ta biyu ta karɓa, ta dakata na wani ɗan lokaci sananne, sannan ta mayar da amsa. Ta farkon ta cire lokacin dakatawar, ta raba sauran biyu, ta sami nisa. Duk alhajin da jirgi ya taɓa saukewa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya ci moriyar wannan dabara ko bai sani ba, domin na'urar DME da matuƙa jirage ke dogaro da ita haka take aiki: jirgi ya yi kira, tashar ƙasa ta dakata kashi 50 cikin miliyan na daƙiƙa ta amsa, matuƙi ya ga nisansa da tashar a gabansa. In nisa tsakanin abubuwa biyu kawai ake so, kamar ƙugiyoyi biyu a kan dogo ɗaya, na'urori biyu sun isa. In kuwa ana son sanin takamaiman wurin da mutum ko motar ɗaga kaya take a cikin sito, sai a kafa na'urori tsayayyu a jikin bango ko ginshiƙai, waɗanda zan kira turaku, a rataya wa abin da ke yawo wata 'yar ƙaramar na'ura mai batir, wadda zan kira laya. Nisan layar daga turaku uku ya isa a gane inda take a doron ƙasa. In ana son sanin tsayinta daga ƙasa kuma, sai an ƙara na huɗu.

Wannan ilimi ba jiya aka fara shi ba. Tun a 1904 wani Bajamushe mai suna Christian Hülsmeyer ya nuna na'urar da ke gano jirgin ruwa a cikin hazo da igiyar rediyo, kuma abin da ya sa shi wannan aiki shi ne hana jirage karo, wato dai irin matsalar ƙugiyoyinmu. Abin da da yawanmu ba su sani ba kuma shi ne, ɗaya daga cikin manyan matakan da aka taka a wannan fanni a nahiyarmu aka taka shi. A Afirka ta Kudu ne Trevor Wadley ya ƙirƙiro na'urar Tellurometer, wadda ta shiga kasuwa a 1957, ta kuma bai wa safiyo damar auna tazarar gomman kilomitoci daga wannan tudu zuwa wancan ba tare da jan sarƙa ko tef ba. A Fabrairun 2002 hukumar sadarwa ta Amurka ta halatta amfani da faffaɗan zangon nan da masana ke taƙaitawa da UWB, daga gigahaz 3.1 zuwa 10.6, bisa sharaɗin ƙarfin saƙon ya zama ƙanƙane ƙwarai don kada ya dami sauran masu amfani da iska. Daga nan abin ya yi ta ƙanƙancewa yana araha, har ta kai a 2019 kamfanin Apple ya sa shi a cikin wayar iPhone 11. Awon da a da sai mota ta ɗauki kayansa, yau yana cikin aljihun 'ya'yanmu, kuma in an kafa shi daidai a cikin masana'anta kuskurensa kan tsaya tsakanin santimita 10 zuwa 30.

Mai karatu na iya cewa, to ina GPS da kowa ke da shi a waya? Amsa ita ce, taurarin GPS suna can sama da kilomita 20,000 daga ƙasa, saƙonsu kan iso mana a galabaice, rufin kwano ɗaya ya isa ya tare shi, balle ramin haƙar ma'adinai. Ko a fili ma, kuskuren GPS na waya mitoci ne, alhali tsakanin ƙugiya da kan ɗan Adam kamu ɗaya ma magana ce. Wani kuma zai ce, ina na'urar leza mai auna nisa da haske? Ita kam ta fi rediyo daidaito a wuri mai tsabta, amma ido gare ta, kuma ido ba ya son ƙura. A nan ne nake cewa fasahar rediyo ta fi dacewa da mu. Wanda ya taɓa shiga kamfanin siminti na Sakkwato ko na Ashaka, ko injin casar shinkafa, ko wurin narka ƙarfe, ya san yadda ƙura da hayaƙi da tururi suke turnuƙe wuri. Ga kuma hazon hunturu da ke zama mana watanni a kowace shekara. Gilashin leza sai an bi shi da shafa, igiyar rediyo kuwa ratsa ƙura take yi ta wuce abinta.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Igiyar rediyo ba ta tsoron ƙura, amma ƙarfe yana mayar da ita kamar yadda dutse ke mayar da amsa-kuwwa, masana'anta kuwa gidan ƙarfe ce daga rufi har ƙasa. Saƙo ɗaya zai bar laya, ya iso turke ta hanyoyi da yawa: ɗaya kai tsaye, sauran bayan sun bugi rufi ko ginshiƙi ko jikin mota. Fa'idar UWB ita ce saƙonsa gajere ne matuƙa, don haka na'ura kan iya bambance wanda ya fara isowa daga masu biyo bayansa. Amma in wani abu ya tare hanyar kai-tsayen, na'urar za ta kama amsa-kuwwa ta ɗauka ita ce ta gaskiya, ta ba da nisan da ya fi na haƙiƙa tsawo. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan da kyau: kuskuren na sa a ga abu ya fi nisa ne, wato na'urar za ta ce wa direba akwai sauran fili alhali ya riga ya iso. Wannan shi ne mafi munin kuskuren da na'urar tsaro za ta yi, kuma maganinsa yana wurin zaɓen inda za a kafa turaku, aikin da ba a yinsa daga ofis ko daga kan takardar zanen gini, sai an taka wurin da ƙafa a lokacin da ake tsakiyar aiki, sito cike da kaya.

Haka kuma turke ba ya sanin inda yake sai an gaya masa. Dole safiyo ya zo da kayan aikinsa ya auna matsayin kowane turke, a shigar da alƙaluman cikin manhaja. In aka yi kuskuren taki ɗaya a nan, duk awon da za a yi har abada zai ɗauki wannan kuskure, tamkar mudun da aka buge wa gindi: ko wa ya auna da shi, tauye ne. Sau da yawa ɗan kwangila kan ga kiran safiyo ɓarnar kuɗi ce, ya sa yaro ya ja tef, a rubuta abin da aka samu. Bayan wannan akwai yadda aka jera turakun. In aka jera su a layi ɗaya a jikin bango guda don tsimin waya, lissafin ba zai iya bambance dama da hagu ba, kuma ƙaramin kuskure a awo sai ya zama babba a taswira. Kamata ya yi su kewaye filin aikin, su kuma kasance a sama da kan kaya. Sannan kowace na'ura tana da ɗan jinkirinta tsakanin eriya da cikinta, wanda sai an gwada ta a kan sanannen nisa an saita shi. Agogunan da ke cikin na'urorin ma ba sa tafiya daidai da juna: in bambancinsu ya kai kashi 20 cikin miliyan, aka kuma yi jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kafin amsa, kuskuren zai kai mita uku. Shi ya sa na'urorin kirki kan yi kira da amsa ta ɓangarorin biyu don kuskuren ya kashe kansa, shi ya sa kuma mai saye ya kamata ya san abin da zai tambaya kafin ya biya.

Sai maganar birki, wadda ita ce ta shafi rai kai tsaye. A ce ƙugiya tana gudun mita biyu a daƙiƙa, 'yar'uwarta ma ta nufo ta da irin wannan gudu. Jinkirin rabin daƙiƙa tsakanin awo da kama birki ya cinye mita biyu, tun kafin a yi maganar nisan da ƙarfe mai nauyin tan da yawa zai ja kafin ya tsaya, da kuma lilon da kayan da ke rataye za su yi. Don haka iyakar da za a sa wa na'ura ta fara rage gudu da wadda za ta tsayar gaba ɗaya lissafi ne na injiniya, kuma sai an gwada shi da kaya a ƙugiya, a gaban direban da zai yi aiki da ita. Bugu da ƙari, na'urar rediyo ƙari ce a kan makunnan iyaka da matokaran ƙarshen dogo da idon direba, ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Ga kuma namu na gida: wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, ƙarfinta na hawa da sauka, zafin bazara a ƙarƙashin kwano mai cinye batir, da aradun damina mai bin dogayen wayoyi ta ƙone duk abin da ba a yi wa kariya ba. Wanda ya kafa wannan tsari bai tanadi batirin ko-ta-kwana da wayar ƙasa mai kyau ba, ya yi tuya ne ya manta da albasa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko za su ce, wace masana'anta ta rage mana da har za a yi zancen turaku da layu? Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, Kakuri ta zama kufai, da yawa daga kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa sun koma sito, Ajakuta kuma da aka aza harsashinta tun wajen 1980 har yau ana jiran ta. Wannan gaskiya ne, kuma abin kuka ne. Amma ai akwai waɗanda suka rage, akwai kuma sababbi: kamfanonin siminti, injinan shinkafa da na taki da na man gyaɗa da waken soya, da tashoshin kwantena na tudu, ta Kaduna da aka ƙaddamar a 2018 da ta Dala a Kano a 2023. Duk inda ake ɗaga kaya masu nauyi a bisa kawunan mutane, ko motoci ke kai-komo a tsakaninsu, wannan magana ta shafe shi. Kuma tun ran gini ran zane: ya fi sauƙi da araha a tsara wurin turaku da hanyar wayoyinsu lokacin da ake zana sabuwar masana'anta, a kan a zo ana fasa bango daga baya.

Na biyu za su ce na'ura za ta raba talaka da abincinsa. A nawa ganin, na'urar hana karo ba ta kori direba ba, ba ta kuma kori mai ba shi hannu daga ƙasa ba. Abin da ta yi shi ne ta ba su ido a inda idonsu ba ya kaiwa. Wanda aka raba da abincinsa na haƙiƙa shi ne saurayin da na ba da labarinsa, wanda yanzu ba ya iya tsayuwar yini. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin irinsu, amma babu diyyar da ke mayar da ƙafa.

Na uku, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi damuna, za su ce layar da ke nuna inda ma'aikaci yake don a cece shi, ita ce kuma za ta nuna minti nawa ya yi a masallaci, minti nawa a bayan gida, da wa ya tsaya magana. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk mai masana'antar da ya mayar da kayan tsaron rai kayan leƙen asiri, ya sani ma'aikata za su rataye layun a ƙusa su tafi harkarsu, ranar da gobara ta tashi kuma taswirarsa za ta nuna masa ƙusa ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a tattara bayanan mutum don manufa bayyananniya, kada kuma a wuce abin da manufar ke bukata. Ya kamata a zauna da wakilan ma'aikata a rubuta a takarda: me za a tattara, wa zai gani, kwana nawa za a ajiye, da wuraren da ba za a kafa turke ba sam, kamar masallaci da makewayi da wurin cin abinci.

Akwai kuma masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma ran ma'aikaci amana ce a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Mu dubi yadda wasu suka yi da nasu bala'in. A Janairun 2006 wani abu ya fashe a ramin kwal na Sago da ke jihar West Virginia a Amurka, mutum 12 suka mutu, masu ceto suka shafe sama da awa 40 kafin su kai inda mutanen suka fake. Kafin tsakiyar shekarar ta wuce an sa hannu a kan dokar da ta tilasta wa masu ramukan kwal samar da hanyar sadarwa marar waya da na'urar sanin inda kowane ma'aikaci yake a ƙarƙashin ƙasa. Mu kuwa a Yunin 2024, da rami ya rufta da masu haƙar ma'adinai a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja, hatta adadin waɗanda ke ciki sai da aka yi ta saɓani a kansa. Ba ina cewa layar rediyo ce za ta hana wancan rami ruftawa ba. Can abin da aka rasa ya fi wannan kusa, tun daga tokare bangon rami har zuwa littafin rubuta sunan mai shiga da mai fita. Abin da nake nunawa shi ne, tambayar "su wa ke ciki, kuma a ina suke?" tambaya ce da al'ummar da ta san darajar rai ke tanadar amsarta tun kafin ranar kuka.

Saboda haka ina da shawarwari ga ɓangarori huɗu. Ga masu masana'antu: kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya miƙa taswirar turaku mai ɗauke da sa hannun safiyo mai rajista, da sakamakon gwajin da aka yi a kan sanannun wurare a lokacin da ake tsakiyar aiki, da kalmomin sirri, da littafin gyara, da kayan canji, sannan ya horar da aƙalla mutum biyu daga cikin ma'aikatan gidan har su iya kwancewa su mayar da kansu. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk tsarin da sai an sayi tikitin jirgi kafin a daidaita eriyarsa, aro ne ko da an biya kuɗinsa lakadan. A kuma sa dokar cewa duk wanda zai yi walda ko gyaran rufi ko sauya jerin kaya kusa da turke sai ya sanar, a sake gwaji bayan ya gama. Mafi muhimmanci, in direba ya ce na'ura tana damunsa, a ɗauki maganarsa a matsayin rahoton haɗari, a duba a ranar.

Ga hukumomi: Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, alhakin amincewa da nau'in kayan sadarwa kafin a yi amfani da su, don haka ya kamata mai shigo da irin waɗannan na'urori ya nuna shaidar amincewar, hukumar kuma ta sauƙaƙa wa ƙananan masana'antu sanin zangon da aka yarda su yi aiki a kai. Sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago, waɗanda Dokar Masana'antu ta ba ikon duba ƙugiyoyi da sarƙoƙi, su ma a horar da su, don in sun je duba su riƙa tambayar ko na'urar tsaro tana haɗe da birki, maimakon su ga akwati a liƙe su wuce. Hukumar NOTAP kuma, mai rajistar yarjeniyoyin shigo da fasaha, ta tsaya kai da fata a kan sharaɗin koyar da 'yan ƙasa.

Ga makarantunmu: kayan gwajin wannan fasaha yanzu ba su fi ƙarfin sashen injiniyan lantarki na kowace jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ba. Babu dalilin da zai hana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya kafa turaku huɗu a ɗakin gwaji, ya haɗa kai da takwaransa na sashen safiyo, su auna, su yi kuskure, su gano dalilinsa. Hukumar NBTE da ke Kaduna da Asusun ITF da ke Jos su ne ya kamata su shige gaba wajen mayar da wannan sana'a mai takardar shaida. Ƙera ƙwayar na'urar na iya yi mana nisa a yanzu, amma kafawa da saitawa da gyarawa aikin hannu ne da ƙwaƙwalwa, kuma nan ne kuɗin da aikin yi suke.

Ga 'yan'uwana injiniyoyi kuwa, mu ji tsoron Allah a kan sa hannunmu. Takardar da muka sa wa hannu cewa an gwada alhali ba a gwada ba, wata rana jinin wani za ta zama. Har yau in na tuna dattijon nan direban ƙugiya sai in ji nauyi a zuciyata, domin shi aka sallama daga aiki, aka bar jaki aka doki taiki. Ya yi kuskure da ya zare wayar, babu shakka, amma kafin ya zare ta sai da ya kai kuka inda ya kamata, kuma waɗanda suka sayi na'urar ba su tanadi mai jin kukan ba.

Allah Ya kare ma'aikatanmu a duk inda suke neman halalinsu, Ya farfaɗo mana da masana'antunmu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana. Amin.